Murjanin da Na Ba Inna Kiwo

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta duban fuskarsa, ba ta nuna ta san ya ci ko bai ci ba. Ina yaro “wancan yaron” nake, da na buɗe kemis a Sabon Birni sai na koma “mai magani”. In tana da magana da ni, bango take gaya wa, ko duk wanda ke kusa, ni kuma in tsinta. Ban taɓa jin haushi ba, don a haka na tarar ana yi. Na faɗa ne kawai don a san irin matar da na yi ƙoƙarin riƙewa a gidana da akwatin ruwan gishiri.

Akwatin ya riga ta zuwa gidan. Shekarun baya na raka wani abokina direba Kwatano ɗauko kaya. A ofishin mutumin da ke fitar masa da kayan daga tashar jirgin ruwa na ga akwatin gilas cike da ruwa, da duwatsu masu ramuka, da wasu abubuwa kamar furanni suna rausaya a kansu, ƙananan kifaye na ratsawa. Na tsaya na saki baki har sai da abokina ya ja mini riga. Teku kanta da muka je gani da yamma ba ta burge ni haka ba, don ita girma kawai na gani da hayaniya. Tun daga ranar abin ya zauna mini a rai, irin zaman da ba a gaya wa mutane, don kada a ce mai iyali ya koma wasan yara.

Da Allah ya hore na sa sola a gida, sai na ga ba ni da sauran uzuri. Wani mai yankan gilas a garin Isa ya haɗa mini akwatin, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Yana shafa gam yana tambayata ko biredi zan riƙa sayarwa. Gishirin kuwa ba na miya ba ne, nasa ne na musamman, abokina direba ya kawo mini bokiti guda ta Maradi. Ruwan ma ba na rijiya ba, sai tatacce irin wanda ake zuba wa batirin mota. Na shimfiɗa farin yashi, na jera duwatsun teku, na sa ɗan injin da ke kaɗa ruwa, na rataya shuɗiyar fitila a sama. Na aje shi a falo, jikin bangon da rana ba ta duka.

Daga nan sai jira. Mai shagon da na sayi duwatsun a wurinsa a Abuja ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in sa mai rai sai ruwan ya nuna. Akwai wasu halittu da ido ba ya gani da ke zaune cikin dutsen, su ne ke cinye ƙazantar kifi, kuma sai sun yawaita tukuna, abin da ke ɗaukar makonni. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallon kifi, su tarar da dutse a ruwa da fitila a kansa. Wani dattijon unguwarmu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ya sha jin mai haƙuri yakan dafa dutse, amma bai taɓa ganin tukunyar ba sai yau. Na yi dariya tare da su, na kuma ƙi sa ko da katantanwa.

Ana cikin wannan jiran aka kawo Inna. Bayan an gama ɗaurin gero ne jiri ya kayar da ita a bakin rumbu, a ƙauyenmu da ke bayan Tsamaye. Ƙanena, wanda take zaune da shi tun rasuwar mahaifinmu, ya ɗauko ta a mota. Da na gwada jininta na tarar ya hau ƙwarai. Likita ya ce magani ne na kullum har iya rai, da awo a kai a kai. Ni kuwa na san Inna: in ta koma ƙauye, ranar da ta ji sauƙi ranar za ta jefa ƙwayoyin bayan gado. Ga hanyar tamu ba kullum take biyuwa ba, in ciwo ya tashi ba a san yadda za a yi ba. Na yanke a raina cewa ta zo ke nan.

Ita ba ta yanke haka ba. Ƙullin kayanta ko kwance shi ba ta yi ba, tana zaro zane ta mayar da wani, ta sake ɗaurewa. Awakinta duk ta rarraba su kiwo a hannun mata kafin ta taho, abin da ya fi komai ci mata rai. Zaman gidan ɗan fari kuma kunya ne a wurinta, ko tuwo ba ta ci in ina tsakar gida. Ta gaya wa maiɗakina, da ƙarfin da zan ji daga ɗaki:

“A hwaɗa ma mai magani, ruwan hwari na sauka za ni gida. Ban zo mutuwa birni ba.”

Akwatin kuwa da ta gan shi, ta tsoma ɗan yatsa ta ɗanɗana, ta tofar. Ta tambayi maiɗakina ko gishirin da ke cikin ruwan nan sayensa aka yi. Da aka ce mata e, sai ta ce Allah ya shirya, ta koma tabarmarta.

A hankali duwatsun suka yi gansakuka ruwan ƙasa, sannan ta fara ja da baya. Na gwada ruwan na ga ya nuna. Lokacin sanyi ne, tafiya da mai rai ba ta da wuya sosai, sai na je Abuja da kaina na taho da su cikin kular roba, kowanne a ledarsa. Katantanwa ne 'yan kaɗan masu lasar gilas, da kifaye biyu ruwan lemo masu farin ratsi, ba su fi babban yatsa ba, da murjani uku manne a 'yan duwatsu. Mai shagon ya ce in fara da irin mai taushi, wanda ya fi jure wahala. Kowanne kamar faifai yake, faɗin tsohon kwabo, da ɗan baki a tsakiya. Biyu kore ne, ɗaya ja mai duhu.

Ba a juye su haka nan. Na sa ledojin suka yi iyo a saman ruwan har zafinsu ya zo ɗaya, sannan na riƙa ɗiga musu ruwan akwatin kaɗan-kaɗan don su saba. Inna na daga bakin ƙofa, wai tana tsince wake. Da ta ji na ce wa maiɗakina wannan shi ne murjani, sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta kwance ƙullin nan, ta fito da tsakiyar murjaninta wadda ta gada daga kakarmu. Ta ɗaga ta kusa da gilas, ja wur, mai tauri kamar haƙori.

“Wanga shi na murjani,” ta ce wa maiɗakina. “Wancan naman kaza na. An cuce shi.”

Na yi bayani, ina kallon bango kamar yadda aka saba, cewa dangi ɗaya ne, nata ƙashin wani iri ne, wannan kuwa mai rai ne. Sai bayan kwanaki, ina ba kifayen abinci, wani ɗan gutsure ya sauka a kan jan. Faifan nan ya naɗe bakinsa a hankali kamar ana tsuke bakin jaka, ya rufe abincin ruf. Na ji an ja numfashi a bayana.

“Ashe bisa ta,” in ji Inna. “Tana ci.”

Daga ranar ta daina ce masa naman kaza. A bakin Inna duk dabbar gida bisa ce, kuma duk abin da ya zama bisa ya shiga hurumin da ta fi kowa sani. Ta dawo da tabarmarta falo. In na dawo daga kemis sai in tarar da ita a gaban gilas, da ta ji motsina sai ta juya baya ta kama tazbaha.

Bazara ce ta tona asirin dabarata duka. Wanda ya san zafin garinmu kafin saukar ruwa ya san ba wurin halittar teku ba ne. Ruwan akwatin ya riƙa ɗumi kamar na wankan jego, murjanin suka tsuke suka koma kamar busasshiyar kuɓewa, kifayen suna haki a sama. Na sa fanka tana hura saman ruwan, na riƙa daskarar da ruwa a gorunan roba ina tsomawa. Sai dai fanka na shanye ruwa, kuma in ruwa ya tafi gishiri ba ya binsa, yana nan yana ƙara kauri. Dole a riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri, kaɗan-kaɗan, yini guda. Ni kuwa ina kemis daga safe har magariba, maiɗakina tana koyarwa a makaranta. Rannan na dawo azahar a guje don in canza gora, na tarar Inna tsaye tana yi wa akwatin fifita da maficinta.

“Mai bisa ba ya yini kasuwa,” ta gaya wa gilas. “Wanga alhaki na.”

A nan dabara ta faɗo mini. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. A ƙauyenmu, in mutum yana da akuya ba shi da halin kula da ita, sai ya ba wani kiwo. Mai kiwo ya ci da ita, ya sha da ita, in ta haihu a raba 'ya'yan, in an yaye su uwar ta koma wa mai ita. Kafin nan amana ce, ba a yar da ita, ba a miƙa wa wani, ba a tafiya a bar ta. Inna ta riƙe awakin mutane da yawa a rayuwarta, kuma ban taɓa jin an ce ta mayar da ko ɗaya kafin lokaci ba.

Na durƙusa daga gefe na ce, “Inna, na ba ki su kiwo.”

Ta ci gaba da fifita kamar ba ta ji ba. Sannan ta aika a kira maiɗakina da ta shigo ke nan, ta ce ta tsaya shaida.

“Tambaye shi, suna haihuwa?”

Na ce an ce murjanin yana yi, amma yana daɗewa ƙwarai.

“In sunka haihu, rabi nau na, kamar yadda aka yi ko'ina. In an yaye, in maido mishi abinshi in kama hanyata. Shi yarda?”

Na ce na yarda. A zuciyata dariya nake yi, don na san a wannan zafin in sun rayu ma an gode Allah, balle haihuwa. Na ɗauka na ɗaure Inna da igiyar da ba ta da ƙarshe.

Na ja layi a jikin gilas da jan fenti na farce, na nuna wa maiɗakina a gabanta cewa in ruwa ya sauka ƙasa da nan a cika, daga wannan jarkar kawai. Na nuna ma'aunin zafi da inda bai kamata jan zaren ya wuce ba. Inna ba ta yi boko ba, ta dai sa aka ɗaura mata zare a daidai wurin. Moɗar da take cikawa da ita daban ta ware, ta hana kowa sha da ita, ta hana a wanke ta da sabulu tunda ta ji na ce sabulu guba ne a wurinsu. Mai turare ko mai fesa maganin sauro ba ya shiga falon nan. Ni kaina sai da ta sa maiɗakina ta kore ni rannan, wai na shafo man zafi a hannu zan taɓa mata ruwa. Abin da ya fi yi mini daɗi, ta haɗa shan maganinta da ba kifi abinci: su ci, ita ma ta haɗiya. Ban san wanda ya ba ta wannan shawarar ba, ina dai zargin maiɗakina.

Ruwan fari ya sauka wata la'asar. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan, na baro kemis da sauri. Na tarar da ita a bakin ƙofar falo tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, ƙullinta a gefe, ɗaure tamau. Ta daɗe a haka. Washegari ƙanena ya zo da mota kamar yadda suka yi alkawari tun kaka. Ta ce masa ya shuka mata gonarta ta bayan gida da irin da ke cikin tulun ɗakinta, kada ya haɗa da nasa, ita tana da amana a hannu. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Na ji daɗi ƙwarai, ban kuma ɓoye wa kaina cewa da tausayinta a ciki ba.

Damina ta kawo sauƙin zafi, murjanin suka buɗe har suka fi yadda na kawo su. Sai kuma aka yi kuskuren da babu mai yinsa sai wanda ya ƙware da awaki. Ɗaya daga cikin kifayen ya daina cin abinci, ya maƙale a bayan dutse. A wurin Inna, bisar da ta ƙi ci kanwa take so. Ta daka jar kanwa, ta jiƙa a moɗa, ta juye. Da na dawo ruwan ya yi fari kamar farau-farau, katantanwa sun faɗo daga gilas, murjanin sun dunƙule. Na haɗa sabon ruwan gishiri na riƙa canzawa kashi-kashi har ya washe. Murjanin suka farfaɗo bayan kwanaki, amma kifin nan bai kai safe ba.

Inna ba ta ci abinci ba ranar. A al'ada, in bisa ta mutu a hannun mai kiwo ba da sakaci ba, babu ramuwa, kuma ba wanda zai ce Inna ta yi sakaci. Ita ce ba ta yafe wa kanta ba.

“Hannuna na,” ta ce wa maiɗakina. “In shina son karɓe abinshi, shi karɓa. Ba ni ganin laihinai.”

Na ji zafin kifin, gaskiya, don na fi son sa a kan ɗayan. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in na karɓa, amana ta sauka, gobe sai ƙauye. Na ce ban karɓa ba, kifin dama ciwonsa ya taho da shi. Ta binne shi a gindin zogale kamar wani ɗan akuya. Tun daga nan ko tsinke ba ta sake sawa a ruwan ba sai ta aiko an tambaye ni, kuma kulawarta ta ninka. Ta san lokacin da kowane murjani ke buɗewa da safe, ta san wanda ba ya son ruwa ya buge shi kai tsaye, har ta sa na matsar da jan zuwa wani lungu inda kaɗawar ruwan ba ta da ƙarfi. Ni na karanta a waya, ita kuwa yini take tana kallo.

A lungun nan ne jan ya fara tafiya. Ban san suna tafiya ba. A hankali yake jan gindinsa a kan dutse, abin da ba a gani sai an kwana biyu ba a duba ba. Inda ya baro sai ya bar ɗan gutsuren nama kamar ƙwayar gero, ya ƙara gaba ya bar wani. Ni da na gani na ɗauka rauni ne. Wata safiya bayan an yi girbi, ina shirin fita, na ji Inna na gaya wa maiɗakina cikin muryar da take sanar da haihuwa a ƙauye:

“Jar ta haihu. Tagwaye.”

Na sa tabarau na duba. Gutsuren nan biyu sun yi zagaye, kowanne ya zama ɗan faifai da bai kai ƙwayar wake ba, launin uwar sak. Na daɗe ina burin ganin irin wannan a akwatina, ga shi na gani, kuma ban taɓa jin abin farin ciki ya yi mini nauyi a ƙirji kamar wannan ba. Maiɗakina ta yi mata barka, ni ma na yi, muryata ba daɗi.

Na fara jan lokaci. Na ce ai ba a yaye su ba tukuna. Inna ta ce gaskiya ne, ba a yaye ɗa sai ya iya ci da bakinsa. Ta riƙa ɗiga musu abinci da tsinken tsintsiya da ta wanke, kullum, ba gajiya. Sanyi ya wuce, zafi ya dawo, ta sake fitar da su bazara ta biyu da gorunan ƙanƙara da moɗarta. Ranar da ƙaramin cikinsu ya naɗe bakinsa a kan abinci, ta sa aka kira ni daga kemis don in gani da idona. Na gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da daddare bayan isha na same ta a tsakar gida, na zauna nesa kaɗan, na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi mata magana kai tsaye. Na ce jininta bai daidaita ba sai a gidan nan. Na ce hanya ba ta da tabbas. Na ce ina tsoron ranar da za a kira ni a ce ta faɗi, in rasa yadda zan iso. Ta saurara har na gama, tana kallon wajen rijiya.

“Wanda yab ba ni kiwon ga,” ta ce, “shi ɗauka ban san abin da shika nuhi ba? Na sani tun ranar. Na zauna don na ga shina so. Amma damana guda an shibka gonata ba ni nan, ba a yin ta biyu. Can mahaihinku yake kwance, can awakina suke.”

Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Na ce Allah ya kai mu.

Ana gobe ƙanena zai zo, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta ce a yi rabo. Maiɗakina ta sake tsayawa shaida. Inna ta mayar mini da uwar da korayen biyu da kifin da ya rage, ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya, har katantanwa. A cikin tagwayen, mai kiwo ke fara zaɓe, ta zaɓi ƙaramin. Na sa ɗan ƙarfe na ɓalle ɓangaren dutsen da yake kai, na ɗago shi a cikin kofin gilas. Ina ta tunanin yadda zan gaya mata cewa ba zai kwana biyu a ƙauye ba, babu wuta, babu gishirinsa. Ta karɓi kofin ta ɗaga shi wajen haske, ta duba shi sosai, sannan ta miƙa wa maiɗakina.

“Ki ba mai magani. Ki ce na ba shi kiwo.”

Maiɗakina ta miƙo mini tana danne dariya.

“Ki hwaɗa mishi sharaɗin bai canza ba. Kuma mai bisa shina zuwa duba bisarshi, kada in zo in iske ta rame.”

Na mayar da shi cikin ruwa, a gefen dama, nesa da nawa. Washegari ta ɗauki ƙullinta ta shiga mota, ba ta waiwayo ba.

Tun daga lokacin, duk wata takan biyo motar 'yan kasuwa ta zo, in hanya ta yi kyau. In ba ta yi ba sai ta sa ƙanena ya kira a waya ya tambayi lafiyar bisa. Ba ta taɓa cewa ta zo awo ba. Tana shigowa falo take wucewa, ta zauna a gaban gilas, ni kuma in ɗauko abin awon jini in ce tunda an zo bari a gwada. Sai ta miƙo hannu ta gefe kamar ba nata ba. Ragowar ƙwayoyin wancan watan tana kawo su a ƙulle a bakin zane don in gani, in sake cika mata. Wani watan lissafin yakan fito daidai, wani watan a sami rara, in yi faɗa ina kallon bango, ita kuma ta ce wa gilas ruwan nan ya sauka ƙasa da layi. Tsoron da nake ji bai tafi ba. Duk wayar da ta shigo daga ƙauye sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka.

Nata murjanin ya girma har ya kusa kamo uwar. Kwanan baya na ga ya fara jan gindi, na matsar da shi inda ruwa ke bugawa don ya zauna wuri ɗaya, kada ya haihu kiwon ya ƙare. Da ta zo ta lura, ta ce wa maiɗakina wani ya taɓa mata bisa, a mayar da ita inda take. Na mayar.

A zuwan nan ne, ina durƙushe a gefenta ina naɗa mata abin awo a dantse, na ɗaga kai don in duba ma'aunin zafin ruwan. Fitilar akwatin a kashe take, hasken taga ya mayar da gilas ɗin madubi. A ciki na ga fuskar Inna, kuma idonta ba a kan murjani yake ba. Ni take kallo, a natse, tun daga furfurar da ta fara fito mini har gemu, kamar yadda take duba ɗan akuyar da ta daɗe ba ta gani ba. Ban san tun yaushe take yin haka ba. Na sunkuyar da kai da sauri don kada ta gane na gani, na ci gaba da matsa iska, lambobin suna rawa a idona.

“Ta rame kaɗan,” ta ce wa gilas. “A riƙa ba ta abinci da kyau.”

Na ce to, za a riƙa ba ta.